Albasar Dajin Ozella Cutlip

Shekara goma sha tara na yi ina raba wasiƙu a kwarinmu, kuma gidan Ozella Cutlip ne na ƙarshe kafin hanya ta mutu a gindin dutse. Ba kasafai ake rubuto mata ba, amma da ta ji ƙarar motata sai ta fito bakin shinge, sanye da tsohuwar rigar sanyin mijinta.

"'Yar nan, yau ma ba wanda ya tuna da tsohuwa?"

"Masu tallar iri sun tuna da ke, Inna."

"To, su ma Allah ya yi musu albarka."

Marigayi mijinta Verlin ƙurar ramin kwal ce ta cinye masa huhu. 'Yarsu ɗaya tilo tana aure can nesa a jihar Ohio, sai Kirsimeti ake ganinta. Abin da ya rage wa Ozella shi ne wani lungu can saman dutse inda wata albasar daji mai warin tafarnuwa ke fitowa. Kakar Verlin ce ta nuna masa wurin, shi kuma ya nuna wa Ozella a makon da aka ɗaura musu aure.

Duk watan Mayu, kafin itatuwa su rufe sama da ganye, takan ɗauki 'yar wuƙa da jakar takarda ta hau ita kaɗai. Ba ta taɓa tuge saiwa ba. Ganye ɗaya take yanka a jikin tushe, ta tsallake tushe tara, ta sake yankar ɗaya. Ta ce daga iri zuwa abin ci shekara bakwai ne, mai gaggawa ya je kasuwa. In ta sauko ta soya da dankali da ƙwai, ta ajiye mini nawa da burodin masara. Kwana uku nake yi ina warin tafarnuwa, har maigidana ya riƙa buɗe taga.

Wata shekara aka sallami Dorsel, ɗan ƙanin Verlin, daga wurin yankan katako. Sai ga shi a gidan Ozella da hula a hannu.

"Inna, yarana ba su taɓa ɗanɗana albasar gidanmu ba. Ki nuna mini wurin mana."

Daɗi ya kama ta, ta kai shi. Rabonta da jin takun mutum a bayanta a wannan hanya tun rasuwar Verlin. Ta ce mini tun daga ƙasa har sama bakinta bai huta ba.

Bayan mako biyu ta koma, ta tarar an bi lungun da shebur. Ƙasa a birkice, ko ganye babu. Dorsel ya tone komai har saiwa, ya kai wa gidajen cin abinci na birni.

Ranar Lahadi ta tare shi a ƙofar coci, ina tsaye.

"Dorsel, alade ne ya shiga wurin nan ko kai ne?"

"Haba Inna, daji ne fa, na Allah. Za ta sake fitowa."

"Daga ina? Daga gemunka?"

Mutane suka yi dariya. Shi bai yi ba. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Yarana dai sun ci abinci."

Ozella ta juya ta tafi. Daga baya ta ce mini abin da ya fi ci mata rai shi ne ta kasa tsanarsa.

Ta sami 'yan tushe kaɗan da suka tsira a ƙarƙashin wani gungumen da ya faɗi. Ba ta taɓa su ba, a shekarar nan ko ta gaba. Da Satumba ta hau ta tsince 'yan baƙaƙen irinsu, ta bi tana dannawa cikin ƙasa da babban yatsa. Ta daina zuwa walimar albasa da coci ke yi, don ta ce ba ta zuwa taro hannu rabbana. In wani ya ji tausayi ya kawo mata wadda ya tono, sai ta ci ganyen, ta hau da saiwar ta dasa.

Shekara biyar tana haka, sai gwiwa ta ƙi. 'Yarta ta zo ɗaukarta. Ana gobe za su tafi Ozella ta ce in kai ta inda hanya ta ƙare. Ta daɗe a cikin mota tana kallon dutsen.

"Inna, ki faɗa mini wurin, in riƙa duba miki."

"Ke kina da kirki," in ji ta, "amma kina da baki."

A lokacin sanyi na biyu da ta yi a Ohio ta rasu. Wasu mafarauta daga birni suka sayi gidan, sau ɗaya suke zuwa a shekara. Na hau dutsen sau biyu ina neman lungun, ban same shi ba. Dorsel ya san wurin, amma tuni ya kwashe iyalinsa ya bar kwarin.