Malam Ilu Ɗan Mahauta, Wanda Aka Hana Limanci

Haihuwa da karatu

An haifi Malam Ilu a Kurfi a shekarar 1924, mahaifinsa Audi mahauci, mahaifiyarsa Zinariya. Ya sauke Alƙur'ani a Barkiya wurin Malam Sodangi, ya zarce da fikihu da nahawu har ya zama abin kwatance. A 1951 ya auri Yahanasu, aka ɗauke shi malamin Arabiyya a Dutsin-Ma.

Nazarin al'adar Hindu

A 1962 ya yi maƙwabtaka da wani malamin lissafi Ba'indiye mai suna Raman, wanda ya riƙa fassara masa littattafan addininsu, inda aka kasa mutane gida huɗu tun daga haihuwa: malamai, mayaƙa, attajirai da barori, sannan wasu can waje da ko taɓa su ƙazanta ne. Malam bai tsaya ga littafi ba, ya bi diddigin yadda ake aure da cin abinci da ɗiban ruwa a ƙauyukansu. Abin ya ƙona masa rai, ya mai da shi wa'azi a masallacin unguwarsu, dattawa suna kaɗa kai suna Allah wadai. Kuskurensa guda: ya zaci sun ji da su ma ake.

Batun limanci

A 1966 limamin masallacin unguwar ya rasu. Malam Ilu ya daɗe yana ja masa salla saboda tsufa, kuma bai ɓoye burinsa ba. Alhaji Mamuda, babban unguwa, ya same shi a zaure ya ce, "Malam, iliminka ba mai musu nai, amma kai ma ka san gidanku fawa aka sani."

Malam ya ce, "To, Alhaji, me ya raba mu da mutanen da kuke tsine ma?"

"Haba, mu ai Musulmi ne. Kowa dai da asalinshi."

Aka naɗa ɗan marigayin, wanda har lokacin bai gyara Fatiha ba. Wannan zalunci ne tsagwaronsa, kuma da rawani aka yi shi.

Rasuwa

Malam bai ƙaurace wa jam'i ba, amma bai sake hawa wa'azi ba. Allah Ya yi masa rasuwa cikin Sha'aban na 1969, aka binne shi a Kurfi kusa da mahaifinsa. Ya bar 'ya'ya huɗu: Maniru, Rabe, Jamilatu da Rahamatu. Mazan duka malamai ne, kuma har yau ba a taɓa cewa ɗayansu ya wuce gaba ya ja salla ba. Allah Ya jiƙansa.