Taku Sittin na Aghali

Arewa da Tebaram akwai wata ƙorama da rairayi ke binne rijiyoyinta kowace damina. Shekara arba'in Aghali ne ke tono su. In rani ya kama, sai ya jingina bayansa da tsohuwar aduwar bakin ƙoramar, ya fuskanci gabas, ya ƙirga taku sittin, ya ce a haƙa. Bai taɓa kuskure ba, kuma bai bar kowa ya manta da hakan ba.

Sai ido ya fara yi masa gardama. Ba makanta yake tsoro ba. Tsoronsa ya kwanta dama da sirrin ruwan a kansa, dabbobin mutane su rasa mashaya.

Bara wata Habsatu ta zo daga ƙungiyar makiyaya ta Tawa, da waya mai ajiye wuri a taswira. Aghali ya sha rawaninsa, ya ƙirga sittin a gaban jama'a. Habsatu ta danna, maza suka haƙa. Har zurfin gaba biyu, rairayi busasshe ƙayau. Kunya ta rufe tsohon, har ya rasa inda zai ajiye idonsa.

Matarsa Tanna, wadda ta kawo wa mahaƙa hura, ta dube shi sama da ƙasa.

"Malam, sittin ɗin saurayi ka riƙe, ga shi ƙahwahun tsoho gare ka. Shekara ukku ina ganin yara na matsawa gaba in ka juya baya. Yau dai don baƙuwa sunka ji nauyi."

Mahaƙan suka sunkuyar da kai. Sai dariya ta ƙwace wa Aghali. Ya ƙara taku goma sha ɗaya, ya durƙusa ya shinshina ƙasar. Kafin la'asar rairayi ya fito da danshi.

"Ɗiyata, goge wancan, sa wanga," ya ce wa Habsatu. "Abin naki ba shi tsuhwa ko?"

"Ba shi yi, Baba."

Bana makiyaya suka buɗe waya, suka haƙa, ba wanda ya aiko kiransa. Abin ya ɗan sosa masa rai, gaskiya. Amma da yamma ya dogara sandarsa ya je bakin ƙoramar, ya zauna yana sauraron raƙuma suna sha. Ya daɗe bai ji daɗi irin na ranar ba.