Kube Biyu a Wuyan Direba

Ranar kasuwar Tambuwal, Jumare baduku yana ɗinki a rumfarsa sai ga wani baƙon direba, dogo, hula a karkace, farce duk baƙin mai. Ya durƙusa ya gaishe shi, ya miƙo takarda da hannu biyu kamar mai riƙe da ƙwai.

"Baba, kube nika so a yi ma wagga. Inshorar mota ce. Gobe zan ƙetare iyaka zuwa ƙasar mulkin Faransa da goro, in babu ita jandarma su tsare motar maigidana. Kar a rufe bakin, sai sun duba."

Jumare yana auna fata yana satar kallonsa. Wannan bai taɓa ƙetare iyaka ba, dubi yadda yake ta waiwayen motar. A wuyansa kuwa ga tsohuwar laya, zufa ta cinye fatarta, ɗinkin a karkace, irin na mai raunin ido.

"Waccan fa?"

Direban ya shafa ta, ya yi murmushi. "Inna ta ɗinka min. Takardar Nasara biya takai in an yi karo. Ta Inna ita ka hana karon."

Jumare ya ajiye takardar gefe. "To, kawo ta Inna mu fara gyarawa."