Yanyawar da Ta Sha Ruwan Butar Alhaji

Ƙanena direban motar albasa ne, daga Nijar yake ɗauko kaya ya sauke a Kumasi. Wata tafiya ya dawo mini da tsaraba a kwalin madara: 'yar yanyawa, kunnuwanta sun fi fuskarta girma. A bakin hanya ya tsince ta, mota ta take uwar. Ya ce, "Yaya, ke kaɗai na sani mai taurin kan da za ta iya rainon wannan." Na ce ya ci gidansu, na manta gidan namu ɗaya ne, na karɓa.

Lokacin ina haya a wani babban gida a Zango, ɗakuna a jere, famfo ɗaya. A ɗakin nan aka kai ni amarya, a nan na haihu, daga nan aka fita da gawar mijina. A ƙofar gidan nake sayar da koko da ƙosai.

Mutanen gidan haifaffun Kumasi ne, ba wanda ya taɓa ganin yanyawa. A wajensu duk mai ƙafa huɗu da dogon baki kare ne. Na yi bayani har yawuna ya ƙafe. Na ce 'yar daji ce, a yashi take rami, fara da ɓera take ci. Suka ce to, karen daji ke nan.

Ran wata Juma'a maza suka jera butocinsu a bakin famfo. Ina can ina kwashe ƙosai, 'yar banzar ta ture ƙofar kejinta. Duk butocin nan ba ta ga ta sha ba sai ta Alhaji mai gidan, wadda murfinta ya ɓace. A kan idonsa ta zura baki. Tunda ba a san wacce da wacce ta taɓa ba, sai da aka wanke kowace buta sau bakwai, kamar yadda ake yi in kare ya yi lallagi. Alhaji bai samu huɗuba ba, a kan titi ya shimfiɗa dardumarsa.

Na je wajen malamin unguwa. Ya ce a saninsa yanyawa ba kare ba ce, amma zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki. Na ce, "Allah gafarta Malam, wannan rabin na farko za ka zo ka faɗa musu?" Ya sunkuyar da kai yana jan carbi.

Da la'asar Alhaji ya tara gidan. Ya ce, "Mma, ko karen nan ya bar gidan nan, ko ku bar shi tare." Har an samo mai maganin gargajiya da zai karɓe ta, wai fatarta yake so. Raina ya ɓaci iyakar ɓaci. Na ce, "Baba, abin da na shayar da cokali ba za a feɗe shi a kan tabarmar kasuwa ba. Kuma ba kare ba ce."

Na ɗauki yanyawata na koma unguwar Buokrom, ɗaki ɗaya mai yoyo, inda ba wanda ya san kokona. Na yi kuka a motar kaya, ba zan ɓoye ba.

Kada wani ya zaci ta saka mini da alheri. Ba ta taɓa amsa kira ba. Ta cije ni a babban yatsa, ta haƙe mini daɓen ɗaki, warinta kuwa sai wanda ya ji. Abinci take karɓa a hannuna ta ja da baya tana harara, kamar suruka. Ni ma ban ce ta zama kyanwa ba. Haka muka zauna shekaru, kowa da halinsa, har tsufa ya kwantar da ita.

Bayan ta mutu, matar Alhaji ta zo har Buokrom. Ta ce, "Mma, ɗakinki yana nan ba kowa. Tunda abin ya mutu, ki dawo gida."

Na ce, "Hajiya, mu biyu kuka kora. In na dawo ni kaɗai, na yarda ke nan kuna da gaskiya."

Ta ja mayafinta ta tafi. Wallahi ina son ɗakin nan har gobe. Ban koma ba.