Metir Falmata, wadda ta kai juji gonar tattasai

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Da safen nan ina ɗora ruwan shayi aka kira ni, wai lauyar nan Metir Falmata ta rasu. Har yanzu ban sha shayin ba.

Ina buga takardu a kotun Diffa na san ta. Lokacin in aka ce lauya mace za ta zo daga Yamai, har masu acaba sai sun leƙo taga.

Ita ta fara ce mini abokiyar aiki, ni da ba ni da komai sai keken rubutu. In ta zo, tare muke cin abinci a kwano ɗaya.

Shari'ar Ya Bintu ce ba zan manta ba. Mijinta ya rasu, wansa Ba Modu ya ce gonar tattasai ta bakin kogin Komadugu tasa ce, shi ke nomanta. Da gonar nan take ci da marayu huɗu. Metir ce ta tsaya mata.

Ku kun san mu, mace ba ta ƙaryata wan mijinta a bainar jama'a. Juji, wato alƙali, ya tambaye ta, ta ja mayafi ta ce, "Yadda Ba Modu ya ce." Wallahi kamar in jefar da keken!

Metir ko a jikinta. Ta ce, "Ranka ya daɗe, bakinta ba zai faɗa ba. Mu je gona."

Muka je. Ta tuɓe takalmi, ta tattare baƙar rigarta, ta shiga taɓo. Aka tada injin jan ruwa, ta ce Ba Modu ya yi ban ruwa mu gani. Bawan Allah ya fasa bakin magudanar da ba ita ba, ruwa ya bi ta gonar maƙwabci.

Ya Bintu ta karɓi fartanya. Ta toshe nan, ta buɗe can, fangali bayan fangali har ƙarshen gona, ba ta ɗaga kai ba. Maƙwabta suka fara faɗa da kansu cewa ita ke noman gonar.

Gona ta zauna hannunta, kuma ba ta ci mutuncin kowa ba.

A mota Metir ta ce mini, "Aisa, kin ga aikin? Koma makaranta." Na koma. Yau ni ma ina sa baƙar riga.

Ganinmu na ƙarshe bara ne, a gidanta. Ta rame sosai, amma ko gaisuwa ba mu gama ba ta ce, "Gonar nan fa?" Na ce jikokin Ya Bintu ke ban ruwa. Ta yi dariya har da tari, ta ce, "To, ban shiga taɓo a banza ba."

Allah Ya jiƙan ki Metir, Ya ba ki inuwa kamar yadda kika ba marayu. Duk wanda ya karanta, don Allah kada ya danna like ya wuce. A yi mata Ƙulhuwallahu ƙafa uku.