Gonar da Muka Ce Ba ta Kowa Ba Ce

Tun da na ga mutumin ya sauka daga babur da taswira nannaɗe a hammata, raina bai kwanta da shi ba. Ina koyarwa a firamare a Sahuda a lokacin, 'yan shekaru bayan ƙuri'ar raba gardama, kuma mun gaji da masu takarda. Sun zo sun tambaye mu ƙasar da muke so a haɗa mu da ita, sun dawo sun ƙirga kawunanmu, kuma duk zuwansu sai wani abu ya biyo baya wanda ba a faɗa mana ba.

Shi wannan ya ce ɗalibin jami'a ne, yana nazarin yadda mutanen kan dutse ke zama da ƙasarsu: me ya sa muke jera duwatsu a gangare, yaushe muke barin gona ta huta, wa ke da ikon sare itace a bakin mayo, wato rafinmu. Hedimasta ya ce in yi masa tafinta, don tsofaffinmu in magana ta yi nauyi da yarenmu na Gude suke yin ta. Na ce to. A raina kuwa na ce, yo wane mai hankali ne zai ƙona mai tun daga nesa don jin labarin duwatsu?

Kwana uku muna yawo tare. Ba shi da girman kai, wannan kam na ba shi. Ya ci tuwon dawarmu, ya tsuguna ya damƙi ƙasa yana murzawa, ya tambayi mata nisan da suke yi neman itace a da da yanzu. Kirkin nasa ma ƙara mini zargi ya yi. Na ce wannan an koya masa aikin da kyau.

Babana yana da gona a bayan dutse, wadda kakana ya jera wa duwatsu da hannunsa. Shekara shida ke nan an bar ta tana hutawa, ciyawa da ƙananan itatuwa sun rufe ta. Ita muka sa wa rai, don wadda muke nomawa a ƙasa ta gaji, dawarta da ƙyar take kai kugu. Damina mai zuwa za mu koma can.

Ran Lahadi bayan an tashi daga coci, tsofaffi suka zauna, ɗalibin ya nuna wajen da hannu ya ce, "Baba, filin can na bayan dutse, na wane ne?"

A wurinmu, in baƙo ya yi tambaya a kan ƙasa, mafi girma ne ke amsawa, kuma abin da ya faɗa ba mai gyara masa a gaban baƙo. Babana ne babba a ranar. Tsoronsa kada a rubuta sunansa a ƙara masa haraji. Ya dube ni ya ce da Gude, "Gaya masa daji ne, ba na kowa ba." Na faɗa da Hausa, har da ƙarin gishiri, ina jin daɗin mun rufe shi.

Da na raka shi wajen babur ya ce, "Malam, na ga jerin duwatsu a cikin ciyawar nan. Daji ba ya jera dutse. Ana neman fili a wannan yanki don gandun daji, kuma za a duba abin da na rubuta. In gonar wani ce ke hutawa, ku faɗa mini in sa."

Na ce a raina, ga tarkon ya fito fili, an ga lallashi bai ci ba an koma tsoratarwa. Na ce masa, "Abin da Baba ya faɗa shi ke nan." Ban ma ga amfanin kai maganar gida ba. Ya bi gida gida yana tambaya, kowa ya maimaita amsar babba. Ya ba ni takardar da ya rubuta na sa hannu a matsayin tafinta, ya hau baburinsa ya tafi.

Gab da faɗuwar damina muka hau da gatari da fartanya don yin sassabe. Muka tarar da turakun siminti an kafa tun daga ƙasan gangaren, da mai gadi a zaune. Ya ce in muka sare ko reshe ɗaya, kotu ce.

Muka taka har Mubi ni da babana. A ofis wani akawu ya ɗauko takardar ya karanta mana. Ɗalibin bai ci amanarmu ba: ya rubuta cewa ya ga alamun tsohon noma, yana kuma zaton wurin yana da mai shi. Amma a ƙasa ga maganar dattawan gari cewa daji ne, ga kuma sa hannuna. Akawun ya ce, "Baba, da bakinka ka faɗa, ɗanka ya fassara." Kunya ta kama ni kamar in nutse.

A hanyar dawowa na kasa riƙewa, na gaya masa gargaɗin da ɗalibin ya yi mini. Muka ci gaba da tafiya har bakin mayo. Ya zauna a kan dutse yana cire takalmi, bai ko dube ni ba, ya ce, "A gaban baƙo ne aka hana ka gyara mini magana. A gida wa ya hana ka?"