Neman Jan Dutsen Baba a Dajin Badr

Mun tashi da asuba daga unguwarmu Harra ta Gabas a Madina, ni da yayana da matarsa. Da an bi ta tawa, muna sallame salla za mu kama hanya, amma matar yayana sai da ta cika fulas biyu, ta koma ɗauko tabarma, ta sake komawa ɗauko gishiri. Ina cikin mota ina kaɗa ƙafa.

Ku da kuka saba ganin hotunana kun san duk shekara idan kaka ta shigo, zafi ya karye, nakan fita daji da kyamara. Bana kam aike ne ya fitar da ni. Babanmu ya yi shekaru yana kiwon raƙuma a dajin Badr farkon zuwansa daga Nijar, tun ba a haife mu ba. Tunda ɓarin jikinsa ya shanye bara ya daina hira da kowa. Ranar da ya gan ni ina goge kyamara sai ya ce in ɗauko masa hoton wurin da ya yi kiwo. Wata takwas ke nan bai nemi komai a hannun kowa ba. Kwatancen da ya iya bayarwa bai fi wannan ba: jan dutse mai tsaga a ka, kafin a shiga Badr. Na ce masa an gama, sai ka ce dutse ɗaya ne a Hijaz.

Mun biya ta unguwar Ranuna muka sayi burodin tamis mai zafi da ful, wato dafaffen wake, duka bai kai riyal ashirin ba, muka ci a mota. Hanya sumul, sai dai yayana irin direbobin nan ne masu tsoron kyamarar titi fiye da maciji. Baƙaƙen duwatsun Madina suka ƙare, manyan tsaunuka suka taso dama da hagu, nan toka-toka, can ja kamar an yayyafa barkono. A cikin kwaruruwa gonakin dabino ne, an riga an sauke 'ya'yan, sai masu sayar da ragowar a bakin titi. Na taya kwali ɗaya, mai shi ya faɗi kuɗin da ya fi na kasuwar gari, na ce masa ya riƙe abinsa.

Da muka kusa Badr na gane wautata. Duk dutsen da na kalla ja ne, duk kuma da tsaga a kansa. Na zaɓi wanda ya fi kyau na ɗauka, na tura wa Umma a waya ta nuna masa. Ta ce ya girgiza kai. Na biyu ma haka. A na uku ta ce ya juya fuskarsa bango. Wannan saƙon ya hana ni sakat, don na san in muka koma hannu biyu ba zai ƙara neman wani abu ba.

Muka sauka daga kwalta, muka ajiye mota a kan tudu, don ba a ajiye ta cikin kwari a wannan lokaci saboda ambaliya. Muka taka da ƙafa. An yi ruwa kwanakin baya, ciyawa ta tsiro siriri-siriri tsakanin duwatsu kamar gashin jariri, itatuwan ƙaya sun yi sabon ganye. Yashi ya jingina da tsauni, fari tas, iska ta yi masa layi-layi. Na ɗauki hotuna har na gaji. Hawan ya ci mana fiye da awa guda, tsakuwa tana zamewa a ƙarƙashin ƙafa, kuma matar da na raina da safe ita ce a gaba da abayarta, ni ina baya ina haki. A saman babu shabaka, wato sabis, waya ta zama banza. Jajayen duwatsu kuwa har iyakar gani. Na ce wa yayana mu juya, wannan aikin ba mai yiwuwa ba ne.

A gangarowa muka iske wani dattijo da raƙumansa. Yayana ya gaishe shi da Larabci. Dattijon ya ji ina mitar ƙafata da Hausa, sai ya amsa da Hausar Tawa, irin ta Baba sak. Ya rantse sai mun sha shayi. Kun san shayin mutanen Nijar, zagaye uku ne, kowanne sai ya dahu a kan garwashi. Ni kuwa rana nake kallo. Na katse gaisuwarsu na tambaye shi jan dutse mai tsaga. Ya yi dariya ya ce duka sunansu ke nan. Na so in tashi, yayana ya harare ni, na zauna.

Muna gama na uku azahar ta yi, ya ce mu zo masallaci. Na duba ban ga gini ba. Ashe duwatsu ne aka jera a ƙasa suka zagaye fili kamar faɗin tabarma huɗu, an share cikinsa fes. Haka makiyaya ke yi a daji. Abin da ya tsayar da ni shi ne wurin tsayuwar liman guda biyu ne: ɗaya yana kallon kudu, inda alƙiblarmu take a nan, ɗaya yana kallon gabas an toshe shi da faffaɗan dutse. Na tambayi dalili.

Ya ce, “Haka na iske shi, ɗiyata. Waɗanda suka riga ni sun ce wani namu ne ya jera shi yana sabon zuwa. A gida mafitar rana muke kallo, shi ma ya kalla, sai da aka gyara masa. Ba mu taɓa cirewa ba. In ruwa ya watsa duwatsun, wanda ke wurin ya maida su yadda suke.”

Na ɗaga kai. A bayan masallacin ga wani ɗan guntun dutse, ja, da tsaga a kansa. Wallahi da a hanya na gan shi ba zan ɓata masa hoto ba. Muka yi salla, na ɗauki hoto ɗaya tak, muka yi wa dattijon godiya, matar yayana ta bar masa sukari da ragowar tamis.

Mun shigo Madina ana kiran magariba. Ban tura hoton ba, na fi so in miƙa da hannuna. Baba ya riƙe wayar da hannunsa mai lafiya ya daɗe yana kallo. Sai rabin bakinsa ya motsa, dariya ta fito.

Ya ce, “Kwana tara ina salla ina kallon gabas. Sai da wani Balarabe ya tsaya da mota ya juya ni. Na rama sallolin duka.”

Umma ta ce shekara talatin suna tare bai taɓa gaya mata ba. Yayana ya ce ashe mu ma muna da namu masallaci mai alƙibla biyu a gida, kamar na Madina. Baba ya ci gaba da labari, harshe na sarƙewa, muna cike masa kalmomi, har aka kira isha bai kai ƙarshe ba.

Masu niyyar zuwa, ku sa takalmi mai ƙarfi, ku ɗauki ruwa fiye da yadda kuke zato. Ni dai na gode wa Allah da ya haɗa ni da yaya mai harara, don da na tashi a kofi na farko da mun dawo da kyawawan duwatsun da ba na kowa ba. Ina kuma gode wa makiyayan da ban san fuskokinsu ba, da suka yi ta maida duwatsun mutumin da ba su taɓa gani ba, har da kuskurensa.